Mataki na Shida da Rabi

A layinsu kowa Sakatariya yake ce mata, har jikokinta, ko da yake rabonta da ofis shekara goma sha ɗaya ke nan. Ofis ɗin ta bari, halin kuwa ta taho da shi gida. Matar da za ka aika mata katin gayyata ta maido maka da shi da jan biro a kan kuskure biyu, ta kuma ce a gaida mutanen gida, ai wannan ba a ce ta yi ritaya ba. Maƙwabta sun saba. Mai neman aiki da mai rubuta wa makarantar 'ya'yansa takarda duk sai sun biyo ta falonta, su zauna tsuru-tsuru tana bin rubutunsu da rula.

Rular nan ta katako ce, gefenta ya cinye, lambobin jikinta sun goge. Da ita ta yi shekara ashirin da takwas tana buga tafireta a wani ofishi mai hawa biyu, tebur na uku daga taga. Takan kwantar da ita a ƙarƙashin layin da take bugawa, in ta gama ta sauke ta zuwa na gaba. Dokarta ɗaya ce: abin da aka rubuta shi za a buga, ba ragi ba ƙari. In shugaba ya yi kuskure sai ta tashi ta kai masa ya gyara da hannunsa, ita ba ta yi wa kowa kintace.

A zamanin masu bugu suna da wata ƙa'ida. Kowace wasiƙa, can ƙasa ta hannun hagu, ana sa haruffan farko na sunan wanda ya tsara maganar da manyan baƙaƙe, a ja 'yar sanda, sannan a sa na wanda ya buga da ƙanana. Shugabanni tara ta yi aiki a ƙarƙashinsu. Manyan haruffan suka yi ta canzawa, ƙananan biyun nan nata kuwa suna nan inda suke, a bayan sanda. Ba ta taɓa jin haushin haka ba, tsarin aikin ke nan, ita kuma mai son tsari ce.

Abin da ya yi mata ciwo daban ne, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekarar da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfutoci, an turo wani mai koyarwa, dogo mai ƙamshin turare, ya raba musu takarda shafi uku ya ce kowa ya bi. Ta ɗora rularta ta bi, layi-layi. A tsakiyar shafi na biyu na'urar ta cije. Ta koma farko, ta sake cijewa a wurin. Matasan ofis kuwa, da ko kallon takardar ba su yi ba, suka yi ta danne-dannensu har abu ya buɗe. Mai koyarwar ya leƙo ta kafaɗarta, ya taɓa wani abu da sauri, ya ce a gaban kowa, "Mama, ki huta kawai, wannan ba na zamaninku ba ne." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Shekara ukun da suka rage mata a ɗakin fayil ta yi su, tana kaɗe ƙura. Tun ranar ta yanke wa kanta hukunci cewa kanta ne ba ya ja, ta kuma sha alwashin ba ita ba kwamfuta.

Mijinta, Mai Rediyo, yana da shago a ƙofar gidan, kuma Allah bai haɗa jininsa da takarda ba. Duk na'urar da aka kawo masa da littafin bayaninta, littafin zai fara yagewa ya naɗe notuna a ciki. Gyara kam yana gyarawa, ba ƙarya, sai dai in ya rufe rediyo dole noti ɗaya ko biyu su rage a kan tebur. Yana da gwangwanin madara uku cike da su. In ta yi magana sai ya ce, "Sakatariya, kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Ba ki ji tana magana ba?" Shekara arba'in suna wannan gardama ba wanda ya ci.

'Yar autarsu ce ta jawo maganar. Auta injiniyar kwamfuta ce, tana da mijinta da 'ya'ya biyu a ɗaya gefen gari, amma a gidan nan har gobe Auta ce. Bayan aikinta na kamfani tana cikin wasu 'yan sa-kai da ke kula da wata manhajar ajiya. Manhajar ba ta da mai ita. An bar cikinta a buɗe, kowa ya leƙa, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Amfaninta shi ne ka ɗora ta a kan wata kwamfuta a gidanka, sai hotuna da takardun da ke wayoyin 'yan gida su riƙa zuwa can ta intanet suna zama, ka ɗauko su daga duk inda kake.

To, sababbin shiga sun daɗe suna kukan cewa sun bi takardar bayanin girkawa abu ya ƙi. Tsofaffin hannu kuma amsarsu ɗaya ce: "A wajena yana aiki." Ga shi ranar Juma'a za a fitar da sabon zubin manhajar, sai aka ɗora wa Auta sabunta takardar. Ta zauna ta gyara ta tsaf, mataki tara, ta gwada a kwamfutarta sau biyu, lafiya lau. Ranar Asabar ta zo da ita a buge, haɗe da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta share tas.

"Umma, ki duba min kurakuran rubutu kawai, zan biyo in karɓa ranar Laraba. Kwamfutar kuma ki bar ta nan. Mako mai zuwa zan ɗora muku ma'ajiyar, ki daina goge hotunan jikokinki don waya ta cika."

Kuskure huɗu Sakatariya ta samu kafin shayinta ya huce. Da a nan ta tsaya da shi ke nan. Amma takardar ta yi mata kyau, yarinyar ta iya tsara magana, kuma a saman shafi an rubuta cewa duk wanda ya bi matakan nan zai gama cikin minti ashirin. Duk wanda ya bi, wai. Maganar nan ta tsaya mata a rai kwana biyu. Ga kwamfutar a kan teburin cin abinci, kullum sai ta ɗaga ta ta goge ƙarƙashinta.

Ranar Litinin da hantsi, da ta ji Mai Rediyo ya kama tasha a shago, sai ta saki labule ta buɗe murfin. Wai akwati take tsoro, ita da ta haifi biyar. Ta ce wa ranta sau ɗaya tak za ta gwada. In ya yi, to madalla. In bai yi ba, mutumin nan mai turare ya yi gaskiya ke nan, kuma ba wanda ya gani.

Yatsunta ne suka fara gane gida, domin haruffan suna nan a jere yadda ta bar su a tafireta. Mataki na ɗaya ya ce a buɗe baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni, ya nuna inda za a danna. Ta buɗe. Na biyu, na uku, rubutu ya yi ta gangarowa kamar ruwan indararo, tana sauke rula. Na shida ya ce a ƙirƙiri folda inda ajiyar za ta zauna, ta ƙirƙira. Har ta fara 'yar waƙa a hanci. Na bakwai ya ce a tayar da manhajar. Ta buga, ta danna babban maɓalli, sai ga jan rubutu: ba a ba da izini ba.

Ta bi abin da ta buga harafi-harafi, ba kuskure ko na ɗigo. Sau ɗayan da ta yi alkawari ya zama biyar, Talata ma ta ƙara huɗu, jan rubutun nan bai fasa ba. Baƙin cikin da ta binne a ɗakin fayil ya taso ɗanye, ta ji ta tsufa a kwana biyu. Miyar ranar gishiri ya yi mata yawa, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

Mai Rediyo ya ajiye cokali ya kalle ta. "Sakatariya, me akwatin nan ya yi miki? Tun jiya nake jin ƙas-ƙas ta bayan labule. Kawo in buɗe bayansa in gani."

"Ka buɗe, Malam, mu samu gwangwani na huɗu? Ci abincinka."

Laraba da yamma kafin Auta ta iso ta rufe kwamfutar, har da lulluɓa mata mayafin tebur. A banza. Auta ba ta gama ajiye mota ba uban ya leƙo daga shago yana cewa, "Zo ki raba faɗa, uwarki da akwatinki kwana uku ba sa ga maciji."

"Umma! Da kanki?" Auta ta shigo baki har kunne, ta yaye mayafin, ta ɗaga murfin, ta ga jan rubutun. "Kai, wannan ai ba komai ba ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma a kan tsohon tabo maganar ta sauka. Sakatariya ta juya baya ta kama zuba shayin da ba wanda ya nema, don kada 'yarta ta ga fuskarta. Sai dai ido ta kawar, kunne yana nan. Wadda ta yi shekara ashirin da takwas a ɗaki ɗaya da tafireta shida, daga sauti take sanin wa ya tsallake layi. Mataki na bakwai kuwa ta buga shi sau tara, ta haddace shi: bugu goma sha huɗu, sai babban maɓalli. Abin da ta ji a bayanta daban ne. Wani dogon bugu ya fara wucewa, babban maɓalli ya yi ƙara, sannan goma sha huɗun suka biyo baya.

"Ga shi ya tashi, Umma. Wataƙila wani harafi kika tsallake."

Tsallake? Ita? Sakatariya ta dire butar shayin.

"Me kika buga?"

"Mataki na bakwai mana."

"Kafin shi."

"Ban buga komai ba."

"Auta, ni za ki gaya wa bugu? Kin yi talatin da wani abu, kin danna babban maɓalli, sannan kika yi na bakwai. Koma sama mu gani."

Auta ta yi dariya, ta ja allon sama don ta faranta wa tsohuwa rai. Sai dariyar ta tsaya. Ga layin nan zaune, dogo, tsakanin jan rubutun da mataki na bakwai.

"Au. Wannan izini ne na ba manhajar ta yi rubutu a cikin foldar. Ai kowa ya san sai an yi wannan."

"Wane kowa?" Ta miƙa mata takardar da rular. "Shafi na nawa? Layi na nawa?"

Auta ta duba gaba, ta duba baya, har da juya takardar kamar layin zai faɗo daga ciki. "Wallahi Umma ban ma san na buga ba, hannuna ne ya tafi da kansa." Ta dafe kai. Ashe duk 'yan sa-kan haka suke. Wasu sun ba da izinin nan a kwamfutocinsu tun shekarun baya sun manta, wasu da sun ga ja yatsunsu ke gyarawa kafin ƙwaƙwalwa ta farga. Shekara huɗu takardar na yawo a duniya babu layin nan, masana suna ta cewa a wajensu yana aiki.

Sakatariya ta ja kujera ta zauna. Hannun mai turaren nan ta hango, ya zuro ta kafaɗarta ya taɓa wani abu da sauri. Wani abu da ba ya cikin shafi na biyu. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ke zuwa da hawaye, har Mai Rediyo ya shigo da sukundireba a hannu yana tambayar lafiya.

"Malam, ashe takardar ce! Shekara goma sha huɗu ina zargin kaina, ashe takardar ce ba ta cika ba!"

Ba su gane ba, sai da ta ba su labarin daga farko. Idon Auta ya kawo ruwa. Mai Rediyo kuwa ya fusata, ya ce a gaya masa inda mutumin yake, in yana raye yau sai ya ji a jikinsa. Matar ta ce ya zauna kafin ƙugunsa ya tuna masa shekarunsa. Ta ɗauki fensir, ta rubuta a ɗan filin da ke tsakanin na shida da na bakwai: shida da rabi.

Washegari Auta ta ɗauki hutun yini ta dawo da sassafe. Sakatariya ce ta kafa sharaɗi. A sake share kwamfutar tas, ita za ta bi takardar, Auta kuma ta tsaya a gefe riƙe da faranti mai kofi biyu cike da ruwa, don hannun nan nata mai tafiya da kansa ya samu abin yi. Sau biyu farantin ya karkata, sau biyu aka harare ta. A haka suka gano wasu ramuka biyu. Mataki na takwas ya ce a sa kalmar sirri, bai ce haruffan ba za su fito a allo ba, har Sakatariya ta zaci maɓallan ne suka mutu. Na tara ya ce a buɗe adireshin ma'ajiyar, bai ce wane adireshi ba, bai ce a ina ba.

Da aka zo gyara, Auta ce ta zauna a gaban maɓallai, uwar tana kai da komowa a bayanta hannu a goye, yadda shugabanninta tara suke yi.

Auta ta ce, "A sa: daidaita izinin foldar yadda ya dace."

"Yadda ya dace da wa? Goge. Rubuta: kwafi layin nan yadda yake, ka danna babban maɓalli. Aya. In ba ka ga komai ya fito ba, ya yi ke nan, wuce gaba. Aya. Sabon layi."

"Umma, masana za su ce mun raina su."

"Masanan ai ba karantawa suke yi ba, mun gani jiya. Buga."

Mataki tara ya koma goma sha biyu. Auta ta ce an gama, Sakatariya ta ce saura gwaji, ta ɗaga labule ta ƙwala wa mijinta kira.

"Ni? Takarda?" Mai Rediyo ya ja da baya.

"In ta yi maka, Malam, ta yi wa duniya."

Aka sake share na'urar, aka zaunar da shi, aka ɗora masa rula. Da yatsa ɗaya yake bugawa, gilashi a ƙarshen hanci, yana mita cewa a ransa ya san akwai gajeriyar hanya. Sau ɗaya ya yi yunƙurin tsallake layi, rular ta sauka a bayan hannunsa. Cikin minti ashirin da takwas allon ya buɗe da koren rubutu na maraba. Sakatariya ta duba agogon bango ta sa aka soke minti ashirin ɗin nan na saman shafi, aka mai da shi rabin awa. Shi kuwa ya tsaya yana dube-dube a kan teburin, har da ɗaga faranti.

"Me kake nema, Baba?"

"Ba abin da ya rage?" Har da ɗan takaici a muryarsa.

Hoton farko da aka tura ma'ajiyar nasa ne, gilashi a hanci, rula a gaba, ya haɗe rai. Kafin yamma duk 'ya'yansu biyar sun gani daga inda suke, wayarsa ta hana shi sakat.

Juma'a sabon zubi ya fita da sabuwar takarda. Asabar Auta ta zo da saƙonni a wayarta. Babban cikin 'yan sa-kan ya rubuto yana tambayar yadda aka yi mutum goma sha biyu suka yi shekara huɗu ba su ga ramin nan ba. Auta ta ce ta amsa masa cewa ba su da rula. Sai kuma wata malamar makaranta daga wata ƙasa mai nisa, da ta ce bara ta gwada sau uku ta haƙura, ta ɗauka ita ce ba ta da kai, yau kuma ta gama kafin a tashi tara. Sakatariya ta sa aka karanta mata wannan sau biyu. Daɗi ya cika ta, ta ce a gaya wa malamar kanta ƙalau yake.

"Ga takardar ta ƙarshe na bugo miki, Umma, ki ajiye. Sunanki kuma yana cikin jerin waɗanda suka yi aikin."

Sakatariya ta cire murfin jan biro, don ita ba a miƙa mata takarda ta karɓa haka kawai. Ta ɗora rula, ta bi shafi na ɗaya, ta bi na biyu, ba ta samu komai ba. A ƙasan shafi na ƙarshe, ta hannun hagu, rular ta tsaya. Haruffa biyu manya, 'yar sanda, haruffa biyu ƙanana. Manyan nata ne, ƙananan na Auta.

"Yawwa, ga kuskure. Kin juya su, nawa a baya suke zama."

"Wa ya tsara maganar, Umma?"

Sakatariya ta gyara zaman rular, Auta ta ci gaba.

"Ke kika faɗa, ni na buga. Ko ba haka ƙa'idar take ba?"

Sakatariya ta daɗe tana kallon kusurwar takardar, biron a tsaye a hannunta. Daga shago ana jin Mai Rediyo yana gaya wa wani cewa shi fa yanzu har kwamfuta yana haɗawa. Ta sake bin layin da rula, daga hagu zuwa dama, ta ga daidai yake. Sannan ta mayar wa biron murfinsa.